Tazarar Fitila da Tsayin Tsiro: Yadda Nake Renon Attaruhu da Tumatir a Cikin Ɗaki

A fadamar da na tashi, kusa da Kura a jihar Kano, ban taɓa jin manomi ya damu da ko haske zai ishi tsiro ba. Baba yakan yayyafa irin tumatir, ya rufa masa ciyawa, ya yi ban ruwa safe da yamma, rana ta ƙarasa sauran aikin. Sai da zama ya kawo ni Winnipeg, a lardin Manitoba na ƙasar Kanada, na san cewa haske ma abin aunawa ne kamar taki.

A nan sanyin da ke daskarar da raɓa ba ya sakin gari sai wajen ƙarshen Mayu, kuma kafin Satumba ta ƙare ya dawo. Kwanakin noma a fili kusan 120 ne kawai, attaruhu kuwa ba ya son gaggawa. Duk mai son ya ci miya da nasa dole ya shuka iri a cikin ɗaki tun farkon Maris, dusar ƙanƙara na jibge a waje, ya reni tsiron a ƙarƙashin fitila har lokacin dashe. Tumatir ya fi sauri, mako 6 zuwa 8 kafin dashe ya ishe shi, amma attaruhu sai an ba shi mako 10 zuwa 12.

A shekarata ta farko na jera ƙananan tukwane a kan tebur, na rataye fitila a sama, kusan mita guda daga bakin tukwanen. Cikin kwana goma tumatir ya miƙe ya kai tsawon yatsa. Na yi murna, na ɗauki hoto na aika gida. Baba ya kira ni ya ce, “Ɗan nan, wannan ba girma ba ne. Tsiron nan rana yake nema.” Da na durƙusa na duba da kyau sai na ga gaskiyarsa: karan siriri kamar zaren ɗinki, launinsa fari-fari, ganyayen farko guda biyu can a ƙololuwa suna rawa ko numfashi na yi kusa da su. Bayan kwana uku rabinsu sun langaɓe sun kwanta a kan ƙasa. Abin ya yi mini ciwo, don irin na neme shi da wahala.

Dalilin haka shi ne, tsiro yana gane ƙarancin haske, kuma ya ɗauka inuwar wani ganye ce ta rufe shi. Sai ya tattara ɗan abincin da ke cikin ƙwayar iri ya zuba shi a tsawo, don ya zarce abin da ya tare masa rana. Saiwa da kaurin kara su ne ke biyan bashin. Wanda ya taɓa ganin gero a gindin bishiyar mangwaro ya san wannan siffar. Idan haske ya wadata kuwa, tsiro ba ya da dalilin gudu. Sai ya tsaya ya yi kauri, gaɓoɓinsa su matso kusa da juna, ganye ya yi faɗi kore shar.

Abin da ya fi ruɗar sabon shiga shi ne yadda haske ke raguwa da sauri in an ɗaga fitila. Idonmu ba ya ganin bambancin, domin yana sabawa da kowane irin haske nan take. Ga ƙwan fitila guda ɗaya, in ka ninka tazara sau biyu, hasken da ke isa ga ganye ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Ka ninka sau uku, ya koma ɗaya cikin tara. Doguwar fitila ko mai faɗi kamar faranti ba ta zubar da haske da sauri haka, amma ita ma tana zubarwa sosai. Ɗakin da ka ga ya haske tarwai yana iya zama magariba a wurin tumatir.

Saboda haka tazara ta dogara da irin fitilar da kake da ita. Dogon ƙwai irin na ofis, wanda ake kira T5 ko T8, haskensa mai sauƙi ne kuma ba ya zafi sosai, don haka kusa ake ajiye shi, santimita 5 zuwa 10 daga kan tsiro, kamar faɗin yatsu huɗu. Mutane da yawa suna jin tsoron kusantar da shi haka, alhali in ya kai kamu biyu a sama kusan a banza yake ci maka wuta. Fitilar LED mai faɗi, wadda take cin wat 100 na gaskiya, ita kuma ƙarfi gare ta. Tawa nakan fara da ita a santimita 60 ranar da iri ya huda ƙasa, in sauko da ita zuwa 45 idan ganyen gaskiya ya fito, wato wanda ke biyo bayan na farko guda biyun. Ba na yarda ta sauko ƙasa da 30 a kan ƙaramin tsiro. Ka lura da abin da aka rubuta a kwali: wasu fitilun a jikinsu an sa 1000, amma wutar da suke ja ba ta fi wat 100 ba. Lambar wutar da take ja ita ce abin dubawa.

Awon kuma daga kan tsiro ake yin sa, ba daga tebur ko bakin tukunya ba. Tsiro yana tashi kullum, tazarar da ka daidaita ranar Asabar ta canja kafin Laraba. Ni da sarƙa na rataye fitilata, kowane zobe ɗaya na sarƙar kusan santimita 3 ne, na kuma ɗaure tef na tela a jikin tebur. Duk bayan kwana biyu, in na idar da sallar asuba, nakan auna. In wasu tukwane sun fi wasu tsayi, ba na ɗaga fitila saboda dogayen. Gajerun nake ɗorawa a kan bulo ko tsofaffin kwalaye har kawunansu su zo daidai. Na bakin gefe kuma ina musanya su da na tsakiya, don haske ya fi taruwa a tsakiya, na gefe sukan karkata suna leƙen sa.

In kana da waya, akwai manhajojin auna haske da ke ba da lamba a ma'aunin lux. Ba su cika daidai ba, amma suna nuna bambanci. Rana tsaka a fili takan kai lux 100,000. A ƙarƙashin farar fitila nakan nemi 10,000 zuwa 15,000 ga sabon tsiro, in ƙara zuwa wajen 20,000 idan ya yi ganye huɗu ko shida. Ajiye wayar daidai kan ganye ka karanta, sannan ka ɗaga fitilar kamu ɗaya ka sake dubawa. Lambar da za ka gani za ta gamsar da kai fiye da duk bayanina.

Mafi amincin ma'auni dai shi ne jikin tsiron. Dubi tazarar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa. A tumatir mai mako huɗu ina son in ga faɗin yatsa ɗaya ko biyu tsakaninsu, kara mai gashi-gashi, kaurinsa na neman na fensir. In gaɓa ta fara buɗewa, fitila ta yi nisa. In kuwa ta yi kusa da yawa, ganyen sama ne ke fara kuka: gefensa ya naɗe sama kamar kwami, launinsa ya koɗe ya yi rawaya ko fari alhali na ƙasa suna kore, tsiron ya dunƙule ya ƙi gaba. Attaruhu ya fi tumatir saurin nuna wannan. Sa bayan hannunka daidai kan ganye na rabin minti. In ka ji zafi ya dame ka, shi ma ya dame shi. Sai dai LED tana iya koɗar da ganye da tsananin haske ko da hannu bai ji zafi ba, don haka kada ka dogara da hannu kaɗai. Duk gyaran da za ka yi, yi shi kaɗan-kaɗan, santimita 5 a lokaci guda, ka ba shi kwana biyu ka ga amsarsa.

Fitila takan yi awa 14 zuwa 16 a kunne, sauran a bar su cikin duhu su huta. Ƙaramar na'urar da ke kunnawa ta kashe da kanta ba ta da tsada, kuma ta fi dogara da tunani.

Akwai abokin aikin tazara da ake mantawa da shi, wato zafi. Irin attaruhu yana son ƙasa mai ɗumi, digiri 25 zuwa 30, kafin ya tsiro, shi ya sa muke sa shimfiɗar ɗumama a ƙarƙashin tukwane. Amma da zarar ya fito, a cire ta. Ɗumi mai yawa tare da haske kaɗan shi ne ke haifar da tsiro zanƙalele fiye da komai. Digiri 18 zuwa 21 ya isa. Nakan kuma kunna 'yar fanka tana kaɗa su a hankali na 'yan awoyi, domin karan da iska ke motsawa yana yin gajarta da ƙwari.

Wanda ya riga ya zuƙe ba ya komawa gajere, amma tumatir yana da rangwame. Karansa yana fitar da saiwa duk inda ƙasa ta taɓa, don haka in za ka sauya masa tukunya, binne shi har wuya, ka bar ganyen sama kawai. Attaruhu da tattasai ba su da wannan baiwar sosai. Kaɗan za ka nutsar da su, ka kafa musu tsinke, ka sauko da fitila.

Yakuwa ce ta koya mini cewa tazara ba ita ce komai ba. Na daidaita mata fitila ta yi gajarta da rassa, ganye ya yi yawa har muka yi ta miya da fate, amma fure ko ɗaya babu. Tumatir da attaruhu ba ruwansu da tsawon yini, in sun isa fure za su yi. Yakuwa kuwa sai dare ya yi tsawo, kamar yadda take yi a gida da kaka. A Winnipeg yinin watan Yuni ya haura awa 16, kuma kafin ya gajarta sanyi ya iso. Bara na shigo da tukwane biyu ɗaki a farkon Satumba, na bar fitila a santimita 40, na rage ta zuwa awa 11. Bayan 'yan makonni fure ya fito a hammatar ganye, kuma soɓon da muka tsinka ya cika kwano ɗaya.