Yadda Ake Haɗa Rubuta Manhaja da Binciken Ƙwayoyin Halitta

Tun da aka kammala karanta jerin DNA na ɗan Adam, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, a shekarar 2003, jerin da ya kai haruffa kusan biliyan uku, ɗakunan gwaje-gwaje suke fitar da bayanan da ido ba zai iya bin su ba. Shi ya sa ake neman wanda ya iya rubuta manhaja kuma ya san abin da ke gudana a cikin ƙwayar halitta, fannin da ake kira bayo'infomatiks.

Idan kimiyyar halittu ka karanta, ka fara da harshen rubuta manhaja na Python, ka bi shi da harshen R saboda ƙididdiga, sannan ka saba da ba kwamfuta umarni a rubuce a tsarin Linux, wato wata babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta, domin yawancin kayan aikin fannin a kansa aka gina su. Wanda ya fito daga kimiyyar kwamfuta kuwa, a ganina shi ne aikinsa ya fi yawa, saboda yakan ɗauka cewa DNA rubutu ne kawai na haruffa huɗu, A, C, G da T.

Kada ka tsaya kan darussa kaɗai. Ka zaɓi matsala ta gaske. Cutar sikila, wadda kusan kowa a ƙasar Hausa ya san gidan da ta taɓa, misali ce mai kyau. Ka sauko da jerin HBB, wanda ke sarrafa wani ɓangare na furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, daga rumbun GenBank, ka rubuta ɗan gajeren shiri da zai karanta shi haruffa uku-uku tun daga ATG, wato haruffa ukun da ke nuna inda ake fara haɗa furotin. Canjin harafi ɗaya ne ke haddasa cutar, inda GAG ke komawa GTG. Littattafai suna cewa a gurbi na shida yake, amma shirinka zai nuna maka na bakwai, domin a tsohon tsarin ƙirga da littattafan ke bi ba a lissafa ATG ɗin farko. Irin wannan saɓanin ne ke koya wa mai manhaja cewa sai ya koma ga ilimin halitta kafin ya yarda da abin da allo ya nuna masa.

Don haka ka nemi zama na wasu watanni a ɗakin gwaje-gwaje, ka ga yadda ake ciro DNA daga jini da yadda samfur ke gurɓata, ko da ba kai za ka riƙa yin aikin ba.

Ka ajiye duk abin da ka rubuta a GitHub, dandalin intanet da masu manhaja ke ajiye aikinsu, domin shi masu ɗaukar aiki da malaman digiri na biyu za su fara dubawa. Idan kwamfutarka ba ta da ƙarfi, dandalin Galaxy yana ba ka damar gudanar da bincike kyauta ta intanet. Wajen neman horo kuma, ka sa ido kan cibiyoyi irin su ACEGID, cibiyar binciken ƙwayoyin halittar cututtuka masu yaɗuwa da ke Jami'ar Redeemer's a garin Ede na Jihar Osun, wadda a watan Maris na 2020 ta karanta jerin ƙwayar cutar korona da aka fara samu a Najeriya.