Yadda za ka sayi Bitcoin ka kuma riƙe shi a hannunka

Dattawan kasuwar Maraɗi ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, ɗan kasuwa ya wayi gari jarinsa ba ya ɗaukar sai rabin hajar da ya saba shigowa da ita daga waje. Masu fatauci ta Ɗan Isa da Jibiya kuwa sun ga yadda naira ta zube tun daga Yunin 2023, kuma a shekarar ce takunkumin da CEDEAO ta saka wa Nijar ya sa mutum ya yini a layin banki yana neman kuɗin da shi ya ajiye. Wannan ne ya sa na yarda da Bitcoin, kuɗin intanet wanda ya fara aiki a 2009 ba tare da babban banki ba, kuma adadinsa ba zai taɓa wuce miliyan 21 ba, ko wa ke bisa mulki.

Kafin ka sayi komai, ka sauke manhajar lalita, wato ma'ajiyar Bitcoin ta cikin waya, irin wadda mabuɗinta ke hannunka kai kaɗai. Da ka buɗe ta za ta nuna maka kalmomi 12, wani lokaci 24, kuma waɗannan kalmomi su ne dukiyar kanta, domin duk wanda ya same su zai kwashe abin da ke ciki ko yana wata ƙasa. Ka rubuta su da biro a kan takarda bisa jerin da suka zo, ka yi kwafi biyu, kada ka ɗauki hotonsu, kada kuma ka tura wa kanka ta WhatsApp. Tawa takardar tana cikin leda a akwatin ƙarfen da nake ajiye takardun gida, saboda gara da laimar damina ba sa barin takarda. Daga nan ka goge manhajar, ka sake sauke ta, ka maido da lalitar da kalmomin nan; idan ta dawo, to rubutunka daidai ne. Yana da kyau mutum ɗaya da ka amince da shi ya san inda takardar take, don kada haƙƙin magada ya salwanta.

Saye ba shi da wuya. Kowane Bitcoin yana rabuwa kashi miliyan 100, saboda haka jika biyar ta isa gwaji. Ka yi amfani da dandalin saye da sayarwa na intanet da ke riƙe Bitcoin ɗin mai sayarwa har sai an tabbatar da biyanka, kuma kada ka yarda a ja ka a ƙarasa ciniki a gefe.

Abin da mutane suka fi sakaci da shi shi ne kwashe abin da suka saya daga dandali zuwa lalitarsu. Kuɗin da ka bari a dandali ajiya ce a hannun wani, kamar ta banki, kuma waɗanda suka bar nasu a dandalin FTX sun ga haka da kamfanin ya rushe a Nuwamban 2022. Ka kwafi adireshin lalitarka, wato jerin haruffa da lambobin da ake tura maka Bitcoin a kansu, ka duba haruffan farko da na ƙarshe sau biyu, ka fara tura kaɗan, domin abin da ya tafi adireshin da ba daidai ba babu ofishin da zai maido maka da shi.

Farashi yana hawa da sauka ƙwarai: daga kusan dala 69,000 ta Amurka a Nuwamban 2021 ya faɗo kusan 16,000 bayan shekara guda. Don haka jarin shago da kuɗin cefane ba sa shiga nan, sai rarar da za ka iya kawar da kai daga gare ta shekaru uku ko huɗu. Wanda kuma ya ce ka ba shi kuɗinka ya juya maka da ribar kullum, ko ya nemi kalmominka da sunan zai gyara maka lalita, ka rufe wayarka ka rabu da shi.