Darasi na Bakwai: Kula da Batirin Sola a Lokacin Ajiya

Batir ko yana ajiye ba a aiki da shi, cajinsa na raguwa. Wanda ya rufe shagonsa a Kantin Kwari ya tafi aikin Hajji, ko ya koma garinsu noman damina, zai iya dawowa ya tarar batirinsa ya mutu, alhali ko ƙwan fitila ɗaya ba a kunna da shi ba.

Rufaffen batir muke nufi a nan, wanda ba a zuba masa ruwa, mai rubutun AGM ko GEL a jikinsa. A wuri mai sanyi, kusan kashi 3 cikin 100 na cajinsa ke tafiya a wata guda. Duk ƙarin zafi na digiri 10 kuwa, asarar ninkawa take yi. To, ka san Kano a watan Afrilu, zafi yakan kai digiri 40, balle a ɗaki mai rufin kwano da aka garƙame. Idan batir ya daɗe ba caji, wani farin gishiri yakan kama dalmar da ke cikinsa. Da zarar ya ƙanƙare, ko an kai shi wurin mai gyara ba zai ƙara riƙe wuta kamar da ba.

Don haka kafin ajiya ka cika shi taf. Ka cire wayar inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, gaba ɗaya, domin tana shan wuta ko ba a jona mata komai ba. Ka goge kawunan batirin, ka shafa musu ɗan basilin, ka ɗora shi a kan katako a ɗakin da ya fi inuwa.

Sai ka samo ƙaramin farantin sola mai wat 10 zuwa 20. Ya ishi batir ɗaya, tunda aikinsa mayar da abin da ke tafiya ne kawai. Amma kada ka jona shi kai tsaye. Nan mutane ke yin asara, wai don gudun kuɗin kwanturola, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin faranti da batir. Farantin da aka rubuta wa bolt 12 yakan fitar da bolt sama da 20 a tsakar rana. Cajin da ya wuce kima yakan busar da rufaffen batir har ya kumbura, kuma ba shi da murfin da za ka buɗe ka ƙara ruwa. Kwanturola ce ke tsayar da wutar tsakanin bolt 13.5 zuwa 13.8 bayan batir ya cika. Ka zaɓa mata nau'in batirinka. Wajen haɗawa, wayar batir ake fara sa mata, sannan ta faranti. Wajen cirewa kuma da faranti ake farawa.

In lokacin hunturu ne, ka bar sallahu a riƙa goge farantin da tsumma mai laushi duk mako, don hazo da ƙura suna tare masa rana.

Sau ɗaya a wata a auna batirin da mita mai auna bolt bayan sallar Isha'i, lokacin da ya huta daga caji. In ta nuna 12.7 ko sama, lafiya ƙalau. In ta sauka 12.4, a duba waya da faranti. In ta kai 12.0, a cika shi da babbar caja a washegari, kada a jira mai shi ya dawo.

Aikin gida: ka auna batirin gidanku ko na maƙwabci yau da daddare, ka rubuta lambar a littafinka, ka zo da ita aji.