Yadda ake raya daji a kan marmara ba tare da sayen dashe ba

Duk mai fili a kan marmara a gefen Kaduna, ta Kujama ko ta hanyar Buruku, ya san halin wurin: jar tsakuwa a sama, ka sa fartanya kaɗan ka ci karo da dutse. Jan nan ƙarfe ne ya yi yawa a ƙasar. Masara ba ta son wurin, shi ya sa ake kiransa mataccen fili, a bar wa masu gawayi da masu ɗibar ƙasar cikon titi. Ni ban yarda matacce ba ne. Doka, taura, kaɗanya, baushe da gwandar daji sun saba da irin wurin, saiwarsu tana bin tsagar dutse ta nemo laima. An sare su, amma kututturen na nan da rai, kuma da su za ka fara.

Ka zaga filin da farkon damina, wajen watan Mayu, lokacin da kowane kututture ya fito da toho. Ka tafi da dattijon da ya san itatuwa, ko mai maganin gargajiya, don tohon madobiya da na maje ba kowa ke bambance su ba. Duk wanda kuka gane, ka ɗaura masa tsumma. Kada ka ce sai masu 'ya'ya kaɗai za ka bari. Marke da kirya su masu gawayi suka fi bi, madobiya kuwa an yi ta lodinta zuwa Sin har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya a 2017. Idan ka samu ɗaya, ka riƙe ta da kyau.

A kowane kututture za ka tarar da toho cunkus. Zaɓi biyu ko uku mafi ƙarfi kuma miƙaƙƙu, ka cire sauran da wuƙa mai kaifi. Yankan daga ƙasa zuwa sama ake yi, don kada ɓawon ya ɗaye. Waɗanda ka bari ka rage musu rassan ƙasa zuwa rabin tsayinsu, kada ka wuce. Haka manoman Maraɗi suka fara yi tun wajen 1983, suna kiransa sassaben zamani, kuma ruwanmu na Kaduna ya ninka nasu. Tohon da ke kan tsohuwar saiwa yakan yi a shekara ɗaya tsayin da dashen leda ba zai kai ba a shekara uku, balle a kan dutse.

Inda babu kututture sai ka shuka. Ƙwarar kaɗanya ba ta jira: ka tsince ta a Yuni ko Yuli, ka binne cikin makon, a inda kake son ta zauna, domin ba ta son cira. Za ta kai shekara 15 kafin ta yi 'ya'ya. Ƙwarar ɗorawa da ta kirya ɓawonsu tauri ne da shi, sai ka zuba musu ruwan zafi su kwana a ciki. Itacen turare da darbejiya dai ka kai su bakin gida, kada su shigo nan.

Wuta ita ce babbar matsala. Gobarar Fabrairu da Maris, sa'ad da ciyawa ta bushe ƙayau, tana cinye aikin shekara biyu da rana ɗaya. Ruwa na ɗaukewa a ƙarshen Oktoba, ka share ciyawa faɗin taku biyar kewaye da filin, ka kuma share gindin kowane toho. Idan dole sai an ƙona, a yi a Nuwamba da yamma, ciyawa da sauran laima.

Kafin rani ya kankama ka je wurin mai unguwa da ardo, ka nuna musu tsummokaran da ka ɗaura. Ka ba makiyaya izinin yankan ciyawa su kai wa shanu, da sharaɗin ba za a sassabe ganyen madobiya da kawo ba sai sun fi ƙarfin baki.