Yadda Ake Warware Tsohon Wayarin Motar da Ta Daɗe a Ajiye

A gidaje da dama a cikin birnin Katsina akwai tsohuwar Fijo 504 ko Marsandi da ta shekara goma a lulluɓe da tamfol tun bayan rasuwar mai ita. Idan magada suka tashi farfaɗo da ita, hankalinsu yakan tafi kan inji da fenti, a bar wayarin sai ƙarshe, alhali kuwa yana cikin abubuwan da suka fi saurin cinna wa mota wuta. Fijo 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, kamfanin da ya soma harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975 kuma ya daɗe yana fitar da ita, don haka wayoyin da ke jikinta sun sha zafin bazara da ƙurar hunturu na shekaru masu yawa.

Kada ka ɗora sabon batir ka murɗa makulli don kawai ka ga ko za ta tashi. Idan akwai batir a jiki, ka fara kwance kan da ke haɗe da jikin mota, wato negatib a yawancin motoci, domin idan ka fara da ɗayan kuma sufana ta taɓa ƙarfe, tartsatsi zai tashi. Wasu tsofaffin motocin Ingila na farkon shekarun 1960, irin su Landiroba, fozitib ne ke haɗe da jikinsu, saboda haka ka bi wayar da ido kafin ka taɓa.

Daga nan sai ka ajiye almakashi a gefe. Tsohon wayarin, komai muninsa, shi ne taswirar da za ka bi, wanda ya tsinke shi gaba ɗaya a ranar farko kuwa ya ɓatar da hanya da hannunsa. Ka ɗauki hoton kowane mahaɗi da wayar salula, ka liƙa salatif na takarda a bakin kowace waya ka rubuta inda ta fito. A nan ne za ka rarrabe aikin kamfani da facin da masu wayarin suka yi ta yi a tsawon shekaru: wayar rediyo da aka ja kai tsaye daga batir, ƙarin oda, har da wayar wutar gida da aka murɗe da hannu aka naɗe da baƙin salatif wanda yanzu ya narke ya zama danƙo. Irin waɗannan ake fara cirewa, ɗaya bayan ɗaya, bayan an bi kowace daga farkonta zuwa ƙarshenta.

Kada launi ya ruɗe ka. A motocin Jamus, waya mai ruwan ƙasa ita ce ke komawa jikin mota, amma a motocin Ingila mai ruwan ƙasa ita ce ke ɗauke da wutar batir dare da rana ba tare da fiyus ba. Wanda ya saba da Marsandi ya kai wannan sabo kan Landiroba, hayaƙi zai gani. Jamusawa suna buga lamba a jikin mahaɗai: 30 wutar batir ce kai tsaye, 15 wutar da ke zuwa bayan an murɗa makulli, 31 jikin mota, 50 kuma ta kik. Fijo kuwa ta fi dogara da lambar da ke jikin wayar kanta, sai ka goge maiƙon da tsumma kafin ta fito.

A ganina, yawancin abin da ake kira lalacewar wayarin ba a tsakiyar waya yake ba, a bakinta yake, musamman inda take komawa jikin mota. Idan ka taka birki ka ga fitilar sigina tana ci dishi-dishi, wutar ce ta rasa hanyar komawa take ratsawa ta wani ƙwan. Ka kwance noti, ka goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka ɗaure tam, sannan ka shafa ɗan giris. Wannan ya fi zama dole bayan an yi sabon fenti, domin fenti ba ya barin wuta ta wuce. Ka kuma duba kaurar wayar da ta haɗa inji da jikin mota, domin idan ta tsinke, wutar kik takan bi ta wayar totur har ta yi zafi.

Kowace waya ka lanƙwasa ta da yatsa. Idan robar ta tsage, ko ka fere ka tarar jan ƙarfen ya yi baƙi ko kore, ka sauya ta daga baki zuwa baki maimakon faci. Ka leƙa bayan dashbod, inda ɓeraye ke yin sheƙa su gaigaye roba, ka kuma mayar da zoben roba a duk hudar da waya ke ratsa ƙarfe. Wajen sayen sabuwa, ka kankare silin da wuƙa a gaban mai shago. Idan fari ya bayyana a ƙarƙashi, alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe. Kaurin sabuwar wayar kada ya gaza na tsohuwar. Ƙwan babbar fitila mai wat 55 yana jan kusan amfiya 4.5, shi ya sa ya kyautu a sa wa fitilun rile, wato ƙaramin makunnin lantarki da ke ɗaukar wuta mai yawa, domin a sauke wa tsohon makunni nauyi. Mahaɗi kuma a matse shi da filayar da aka yi don haka ko a like da dalma.

Fiyus waya yake karewa, saboda haka wanda ya naɗe shi da takardar sigari ya mayar da wayar ce fiyus. A tsofaffin motocin Jamus, fari amfiya 8 ne, ja kuma 16, kuma kowane a mayar da daidai nasa.

Ranar mayar da batir, ka kashe komai ka cire makulli, ka sa fitilar gwaji tsakanin kan batir da wayarsa. Idan ta ci da haske sosai, akwai inda wuta ke zurarewa, sai ka riƙa zare fiyus ɗaya-ɗaya har ta mutu, layin da ta mutu a kansa shi ne mai laifin. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6 a mita, idan inji na aiki kuma ya hau tsakanin 13.8 da 14.4. Ka kunna fitilu duka ka bar ta a tsakar gida kamar kwata na awa, kana shafa wayoyin da akwatin fiyus da bayan hannu. Duk inda ka ji zafi ka kashe ka koma kansa, kafin ka yarda ka hau da ita hanyar Daura da dare.