Yadda za ka gano kamfanin da ke cin riba amma kuɗinsa na ƙarewa

Aikina shi ne duba littattafan kamfanoni kafin a ba su rance ko a zuba musu jari. Kamfanin da ke tafka asara ba ya ba ni wahala, domin kowa na ganin halin da yake ciki. Wanda ke tayar min da hankali shi ne mai nuna riba kowace shekara, daraktocinsa na murna, amma in ƙarshen wata ya zo sai an roƙi banki kafin a biya albashi. Akwai hanyar gano irin wannan kamfani tun da wuri, kuma ba ta buƙatar komai sai rahoton kuɗin kamfanin na shekara uku da na'urar lissafi.

Fara da ajiye shafin riba da asara a gefe, ka buɗe shafin shigar tsabar kuɗi da fitarsu. A ƙa'idar akanta, ana rubuta ciniki ne ranar da aka miƙa kaya, ko da mai saye bai biya ba. Saboda haka riba na iya hauhawa alhali asusun banki na raguwa. Nemo layin tsabar kuɗin da ainihin harkar kamfani ta samar, ka jera shi kusa da riba, shekara da shekara. In riba na hawa shi kuma yana sauka shekara biyu a jere, tsaya a nan. Haka ta faru da W.T. Grant, kamfanin da ya mallaki shaguna fiye da 1,000 a Amurka. Ya daɗe yana bayyana riba yana raba wa masu hannun jari, alhali harkarsa na cinye kuɗi fiye da abin da take kawowa, saboda yadda ya saki hannu wajen ba kwastomomi bashi. A 1975 ya durƙushe.

Daga nan sai lissafin da na fi ba muhimmanci: kwana nawa kuɗin kamfani ke yi a waje kafin su dawo gida. Lambobi uku ake nema. Bari in ƙaga misali da alƙaluma masu sauƙin rabawa.

A ce kamfani ya yi cinikin miliyan 730 a shekara, wato miliyan 2 kowace rana. Bashin da yake bin kwastomomi miliyan 120 ne. Raba 120 da 2, ka samu kwana 60: tsawon lokacin da kwastoma ke ɗauka kafin ya biya. Kayan da aka sayar kuwa sun ci miliyan 511, wato miliyan 1.4 a rana, kuma hajar da ke jibge a sito ta kai miliyan 70. Raba 70 da 1.4, kwana 50 ke nan kaya ke zaune kafin su fita. Sannan masu kawo wa kamfanin kaya na bin sa miliyan 42, wanda in ka raba da 1.4 ya ba ka kwana 30. Haɗa 60 da 50, cire 30. Kwana 80 kamfanin nan ke ɗaukar nauyin harkarsa daga aljihunsa ko daga rance.

Ga inda mutane da yawa ke mamaki. Kuɗin da suka maƙale a wannan zagaye miliyan 148 ne: 120 da 70, a cire 42. A ce baɗi ciniki ya ƙaru da kashi 30 cikin 100, labarin da kowane manaja ke so. In kwanakin nan ba su canza ba, maƙalallun kuɗin ma za su ƙaru da kashi 30, wato wajen miliyan 44. In ribar kamfanin kashi 4 ce cikin 100 na sabon cinikin miliyan 949, ribar duka ba ta wuce miliyan 38 ba. Ka ga bunƙasar ta cinye ribar shekara kakaf, har da neman ciko, tun ba a sayi sabon inji ba, ba a biya uwar rance ba. Shi ya sa duk shirin faɗaɗa kasuwa da aka kawo min, tambayata ta farko ita ce daga ina kuɗin riƙe sabon cinikin za su fito.

Kada ka tsaya kan lissafin shekara ɗaya. Kwana 80 na iya zama daidai ga mai ƙera injuna, ya zama bala'i ga mai sayar da kayan da ke saurin lalacewa. Abin dubawa shi ne inda lambar ta nufa, da yadda take in an gwada ta da ta sauran kamfanonin da ke sana'a ɗaya.

Akwai wani wayo da nake so ka sa wa ido. Kamfani na iya rage kwanakin nan ta hanyar ƙin biyan masu kawo masa kaya a kan lokaci. A takarda sai ya yi kyau. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma in ka ga kwanakin biyan masu kaya sun tashi daga 30 zuwa 90 ba tare da wata sabuwar yarjejeniya ba, to kamfanin na cin rance ne daga mutanen da ba su yarda su ranta masa ba. Carillion, babban kamfanin gine-gine na Birtaniya, ya miƙa wa'adin biyan masu yi masa aiki zuwa kwana 120. Da ya rushe a Janairun 2018, ana bin sa kusan fam biliyan 7, tsabar kuɗin da ke hannunsa kuwa fam miliyan 29. Ƙananan 'yan kwangila masu ɗimbin yawa ne suka kwashi asarar, kuma wannan na cikin dalilan da nake ɗaukar lambar nan da zafi.

Duba kuɗin ruwa ma: ɗauki ribar da aka samu kafin cire haraji da kuɗin ruwa, ka raba ta da abin da ake biya na ruwan a shekara. In amsar ta yi ƙasa da 2, ni kam ba na samun natsuwa. Karanta kuma sharuɗɗan rancen, ka ga wanne ne zai cika cikin wata 12 masu zuwa.

In kai ne ke riƙe da kamfanin, to ka zana jadawalin mako 13. Kowane mako da layinsa: abin da ke banki ranar farko, abin da zai shigo, abin da zai fita, abin da zai rage. Rubuta kuɗin kwastoma a makon da ya saba biya, ba makon da takardar bashi ta ce ba. Albashi, haraji, haya da biyan rance kuwa a rubuta su a ranakunsu ba sassauci. Bayan haka ka gwada shi da mummunan zato: ɗauki kwastoman da ya fi kowa saye, ka jinkirta biyansa da kwana 30, ka ga makon da asusu zai faɗi ƙasa da sifiri. In akwai irin wannan mako, yanzu ne lokacin zuwa banki neman layin rance (izinin cin rance har zuwa wani adadi duk lokacin da buƙata ta taso), ko tattaunawa da masu kawo kaya, ko karya farashin hajar da ta daɗe a sito. Kowace Litinin ka cire makon da ya wuce, ka ƙara sabo a ƙarshe, ka kuma rubuta bambancin abin da ka yi hasashe da abin da ya shigo da gaske, da sunan kwastoman da ya jawo giɓin.