Yadda Ake Tattaunawar Lafiyar Ƙwaƙwalwa Ana Tafe a Ƙauye

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Kano ko Jigawa ya san cewa maganar da ta kawo baƙo ba kasafai take fitowa a zaure ba. Za a gaisa, a sha ruwa, a taɓa hirar damina da tsadar taki, sai ya miƙe an fito taka masa an kai bakin hanya, sannan ya rage murya ya ce, "Af, dama akwai wata 'yar magana." Wannan dabara ta rakiya ce ma'aikacin lafiya zai iya arowa idan yana son mai fama da ciwon damuwa ko fargaba ya buɗe masa cikinsa. A ɗakin asibitin sha-ka-tafi mutum yana zaune ne ido cikin ido da mai duba shi, ga layi a waje ana jira, ga kunyar da aka rene mu da ita ta hana ƙarami kallon babba. Idan kuwa an jera ana tafe, kowa hanya yake kallo, kuma shiru ba ya yin nauyi tunda ƙafa tana aiki.

Fitar da wannan aiki daga ɗaki ba baƙon abu ba ne a Afirka, domin a Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa. Ita ma tafiyar magani ce daidai gwargwado: Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma shi ciwon damuwa babban aikinsa shi ne ya zaunar da mutum a ɗaki ya raba shi da jama'a.

Zama na farko a ɗaki za a yi shi, domin a nan ake tantance wanda tafiyar ta dace da shi. A tambayi mutum barcinsa da cin abincinsa, a ji ko yana shan tiramadol ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana sarrafawa da shigo da shi a 2018, sannan a tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Wannan tambaya ba ta cusa wa kowa tunanin, akasari ma sauƙi take kawowa. Wanda ya amsa da i, ko wanda yake jin muryoyi, ko yake ganin ana bin sa, ba a fita da shi bayan gari, a sanar da wani makusancinsa, a kawar da maganin ƙwari na gona daga inda hannunsa zai kai, a tura shi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ko na Kazaure, ko sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Mai fuka, da mai ciwon zuciya, da mace mai tsohon ciki, su ma a bar su a inuwa.

Abin da ya fi wuya a wannan aiki shi ne sirri, domin ƙauye ba ya rasa ido. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a rufa masa asiri, kuma wannan haƙƙi yana nan ko a ɗaki ko a kan burtali. Saboda haka kafin a taka ko'ina, sai a faɗa wa mutum gaskiya cewa za a gan su tare, a kuma yarje kan abin da za a ce idan an gamu da wani. Na koyi wannan ne da tsada. Wata rana muna tafe da wani magidanci da ya yi asarar amfanin gonarsa, ya fara kawo maganar bashin da ke hana shi barci, sai ga wani dattijo a kan keke ya taka birki ya ce, "A'a, Malam, lafiya na gan ka da likita?" Mutumin ya daburce, ya yi 'yar dariya, maganar kuma ba ta sake dawowa ba sai bayan mako biyu. Tun daga ranar nake barin mara lafiya ya zaɓi amsarsa tun a ɗaki, ko ya ce miƙe ƙafa muke yi, ko ya ce gona za mu leƙa, kuma shi ne yake fara amsa gaisuwa, ni in bi bayansa. Ba a tsallake gaisuwa don kare sirri, wanda ya wuce dattijo bai gaishe shi ba ya riga ya tara wa kansa masu tambaya. Haka nan a ajiye farar riga a asibiti.

A zaɓi hanyar da mai ba da shawara ya riga ya taka da ƙafarsa shi kaɗai, wadda ba ta bi ta majalisa ko teburin mai shayi ba, amma kuma ba ta yi nisan da ba a hango gari ba. Hanyar da ta zagaya ta dawo inda aka fara ta fi, kuma a san inda akwai inuwar darbejiya ko tsamiya da za a tsaya idan hawaye ya zo. A guji bakin rijiya da kududdufi da gefen dam. Lokaci kuwa ya danganta da yanayi: a bazara, da zafi ke haura digiri 40, sai da sassafe ko bayan la'asar, a hunturu a jira hantsi ya ɗaga saboda sanyi da hazo, a damina a tsaya kan hanya mai faɗi saboda macizai, a kuma tuna cewa safiyar manomi ta noma ce. Da azumi a taƙaita tafiyar ko a koma ɗaki.

Namiji ba zai jera da matar wani zuwa bayan gari ba, kuma wanda ya gwada haka ya kashe aikin a garin baki ɗaya. Mace ce za ta yi wa mace, ko da zagaya tsakar gida ne ko harabar asibiti ranar awo, kuma da sanin maigidanta. Ga mai jegon da damuwa ta kama bayan haihuwa, ko wannan ɗan zagayen ma ci gaba ne.

Minti 30 zuwa 45 sun isa. A bar mara lafiya ya tsara saurin tafiyar, domin saurin ma labari ne: wani yana ƙara sauri idan an zo kusa da abin da ke ci masa rai, wani kuma yana tsayawa cak. Kashin farko na hanya a bar shi ga hira mai sauƙi, a shiga maganar a tsakiya inda babu kunne, idan an juyo an fara hango rufin gidaje kuma sai a tattara zance a tsayar da abu ɗaya tak da mutum zai yi kafin haɗuwa ta gaba, kamar komawa sallar jam'i, ko zuwa wajen wanda yake bin sa bashi a nemi sassauci. Kada a buɗe sabon rauni a bakin gari, domin mutum zai shiga cikin jama'a da jajayen idanu. Ba a tafiya da littafi a hannu, amma a riƙe waya mai caji da gorar ruwa, a sanar da abokin aiki hanyar da aka bi da lokacin dawowa, sannan da an rabu a zauna a rubuta bayanin zaman a kati a kulle shi a durowa tun kafin wani mara lafiyar ya shigo.